Ruwan Wikki da Mutanen da Suka Sha Daga Gare Shi

A kudu maso gabashin birnin Bauchi ta Nijeriya, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, akwai wani ruwa mai ɗumi da yake fitowa daga ƙarƙashin dutse dare da rana, rani da damina, ba ya raguwa. Sunansa Wikki. Yana tsakiyar gandun namun daji na Yankari, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Yawancin waɗanda suke zuwa wurin abu biyu ne yake kai su, wato su ga giwaye, su kuma yi wanka. Sa'ad da suka koma gida sukan ce sun ga daji yadda yake tun farkon duniya, inda ƙafar mutum ba ta taɓa takawa ba.

Tarihi bai yarda da wannan magana ba. Dajin nan ya taɓa zama wurin sana'a da noma da kasuwanci. Mutane sun haƙa rijiyoyi a cikinsa, sun narka tama, sun sassaƙa ɗakuna a jikin dutse, sun haifi 'ya'ya, sun binne iyayensu. Ruwa ne ya tara su, tashin hankali ya watsa su, daga baya kuma doka ta rufe ƙofa. Mu mutanen Zongon Kumasi muna da dalilin kasa kunne ga wannan labari, gama kakanninmu fatake ne, kuma sunan unguwarmu ma daga masaukin ayari ya samo asali. Ayari ba ya yada zango inda babu abin da jakuna za su sha.

Yadda ruwan yake

Mai zuwa Yankari daga Bauchi yakan bi hanyar Gombe, ya ratse a garin Dindima, ya nufi kudu har ƙauyen Mainamaji inda ƙofar gandun take. Daga ƙofa zuwa masaukin baƙi na Wikki tafiyar kilomita 40 ce da 'yan kai, cikin kurmi da ciyawa. Masaukin yana kan tudu. Daga nan ake gangarawa ta matakala zuwa wani kwari mai inuwa, inda ruwan yake ɓuɓɓugowa daga gindin wani jan dutse mai tsayi. Ruwan garau yake, har mutum yana iya ganin yatsun ƙafarsa a kan farin yashi. Faɗinsa wajen mita 13 ne, zurfinsa kusa da bakin dutsen ya kusa mita 2, sa'an nan yana raguwa yadda yara ma za su iya tsayawa. Daga can sai ya malala ya shiga kogin Gaji, wanda ya ratsa gandun ya nufi kudu wajen Binuwai.

Zafinsa digiri 31 ne a ma'aunin Salsiyos, da safe da tsakar dare, cikin hunturu da cikin bazara. Jikin mutum kuwa digiri 37 ne. Saboda haka wanda ya shiga da asubar watan Janairu, sa'ad da iskar hunturu take fasa leɓe, zai ji kamar an ɗumama masa ruwan wanka. Wanda kuma ya shiga da tsakar ranar Afrilu zai ji sanyi ya ratsa shi. Ruwan bai sāke ba, iskar waje ce take sākewa.

An ƙiyasta cewa lita miliyan 21 suke fita daga maɓuɓɓugar kowace rana. In mai karatu yana so ya gane yawan nan, to, ya tuna da jarkar nan mai lita 25 da matanmu suke jerawa a bakin famfo idan ruwa ya ɗauke. Wikki tana cika irinta 840,000 a yini da kwana ɗaya, kusan jarka goma ke nan kowace daƙiƙa.

Ina ruwan yake fitowa, me kuma yake ɗumama shi? Ƙasar Yankari tana kan wani irin dutse ne na yashi da ya daskare, wanda yake tsotse ruwa kamar soso. Ruwan sama da ya sauka a tuddai yakan nutse a hankali, yana tacewa cikin yashin, har ya kai can ƙasa. Cikin ƙasa kuwa, gwargwadon zurfi gwargwadon zafi: kowace kilomita ɗaya da aka nutsa, zafi yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30. Masu haƙar zinariya a Obuasi sun san wannan a jikinsu. Idan ruwan ya ɗauki ɗumin dutse, sa'an nan ya sami tsaga, sai nauyin ruwan da yake bayansa ya tura shi sama. Da yake tafiyar tana ɗaukar shekaru, fari na shekara ɗaya ba ya tsayar da ita. Akwai waɗansu maɓuɓɓugai masu ɗumi a gandun, irin su Dimmil da Gwan da Nawulgo, amma Wikki ce babbarsu.

Alamun mutanen dā

A ƙasar da ruwan sama yake ɗaukewa wata shida ko bakwai, ruwan da ba ya ƙafewa dukiya ce wadda ta fi kowace. Ba abin mamaki ba ne da aka sami alamun zaman mutane ko'ina a kewayen Gaji. Uku daga ciki sun isa a duba.

Na farko, rijiyoyin Dukkey. An ƙidaya 139 a wuri guda, an haƙa su cikin ƙasa mai tauri, an kuma haɗa su da juna ta ƙarƙashi yadda ruwa zai bi daga wannan zuwa waccan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai haƙar rijiya ya san wahalar guda ɗaya. Ɗari da talatin da tara ba aikin maharbi mai wucewa ba ne. Aikin jama'a ne masu shugaba, masu abincin ciyar da ma'aikata, masu niyyar zama. Labarin da aka gada a yankin ya ce ayarin masu fataucin bayi sukan yada zango a wurin. Ɗan Zongo da ya taɓa zuwa Salaga zai gane wannan nan da nan, gama can ma ƙasa cike take da tsofaffin rijiyoyi, har ana yi wa garin kirari da su, kuma daga cikinsu aka shayar da fatake da dabbobinsu da bayin da aka kawo kasuwa.

Na biyu, wuraren narkar da tama, musamman a Shaushau da Ampara. A Shaushau akwai murahun yumɓu kimanin 60 da suke tsaye har yanzu, ga kuma tarin kashin ƙarfe a kewaye. Yadda ake aikin shi ne, a gina murhu dogo kamar ƙaramin rumbu, a jera gawayi da tama a ciki bi da bi, a kunna wuta, iska tana shiga ta bututun yumɓu a gindi, har zafi ya wuce digiri 1,100. Ƙazantar dutsen sai ta narke ta gangara, ƙarfen kuma ya dunƙule. Wannan dunƙule shi ake kai wa maƙera su yi ta duka har ya zama fartanya da gatari da mashi da kan kibiya. Murhu ɗaya yana cin gawayi mai yawan gaske, saboda haka sai an sami masu sare itace, da masu ƙona gawayi, da masu tonon tama, da mata masu dafa wa ma'aikata abinci, da 'yan kasuwa masu ɗaukar kaya. Inda baƙo yake ganin kurmi shiru a yau, a dā hayaƙi ne yake tashi.

Na uku, kogwannin da ake kira da sunan Marshall, wani mai bincike da ya ba da labarinsu a shekara ta 1980. Guda 59 ne, an sassaƙa su da hannu a jikin dutsen yashi, kowanne da ƙaramar ƙofa zagayayya da ɗaki a ciki. Mutum ba ya barin fili mai daɗin noma ya shiga ramin dutse don nishaɗi. Masu nazarin wurin suna ɗaukarsu maɓoya ce ta lokacin hare-hare. Akwai kuma zane-zane a jikin duwatsu, kamar na Tunga Dutse, da kufai inda ake tsintar sakaina da duwatsun niƙa.

Sunan maɓuɓɓugar ma shaida ne. Ba Hausa ba ne, ba Turanci ba ne. Ana cewa daga harshen Dugurawa ya fito, mutanen da har yau suke zaune a gefen gandun, ma'anarsa kuwa tambaya ce: ina kake?

Yadda daji ya cinye gari

A farkon ƙarni na 19, jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sāke fuskar ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Cikin waɗanda suka karɓi tuta akwai Yakubu, almajirin Shehu, wanda asalinsa Bageri ne na wannan yanki. Shi ya kafa birnin Bauchi wajen shekara ta 1809, ya yi sarauta har rasuwarsa a 1845. Sabuwar masarautar ta kawo kasuwa da malamai da tsaron manyan hanyoyi, amma ga ƙananan kabilun da suke kudu da gabas, ƙarnin nan na tsoro ne. Waɗansu sun yi amana suna biyan gandu, waɗansu sun hau duwatsu, waɗansu kuwa an kama su. Bauchi tana aika wa Sakkwato gaisuwa kowace shekara, bayi kuwa suna cikin kayan. Daga tsakiyar ƙarnin, mayaƙan Ningi su ma suka riƙa kai nasu hare-hare a ƙasar Bauchi da Kano da Zazzau.

Kada wani ya ɗora wannan laifi a kan kabila ɗaya ko addini ɗaya. A namu ɓangaren, Asante ta daɗe tana karɓar bayi daga Dagomba da Gwanja a matsayin haraji. Babatu da mayaƙansa Zabarmawa sun kwashe ƙauyukan Gurunsi a shekarun 1880 da 1890. Turawa kuma sun yi ƙarnuka suna loda mutane cikin jiragen ruwa a Elmina da Cape Coast. Hannaye da yawa suka yi wannan aiki, kuma fataken da suka kawo kanwa da tufafi Gwanja suka koma da goro ba su tsaya nesa da kasuwar ba.

Idan manoma suka gudu, ƙasa ba ta zama yadda suka bar ta. Gona takan zama saura, saura ta zama kurmi. Kurmi yakan jawo ɓauna da gwanki da mugun dawa, su kuwa jininsu ne abincin ƙudan tsando. Tsando yana sa wa shanu sammore, yana sa wa mutum ciwon barci. Da zarar ya yi yawa a bakin kogi, makiyayi ba ya iya tsayawa da garkensa, manomi ma yana jin tsoron komawa. A kan wannan kuma sai ga annobar bushiya ta 1890 zuwa 1891, wadda ta kashe mafi yawan shanun Fulani daga Barno har Sakkwato, filayen kiwo suka koma jeji. Sa'ad da sojojin Ingila suka ci Bauchi a 1902, suka hana harin bayi, kwarin Gaji ya riga ya zama wurin maharba da masu neman zuma.

Haka ya faru a Mole, babban gandun dajinmu na arewacin Gana kusa da Damongo da Larabanga. Yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na 19 da ƙudan tsando suka rage mutanen wurin, aka keɓe ƙasar a 1958, aka tashi sauran ƙauyukan da suke ciki, aka mai da ita gandun ƙasa a 1971. Manyan dazuzzukan da muke alfahari da su a Afirka ta Yamma, da dama daga cikinsu kufai ne da ciyawa ta rufe.

Yadda aka kafa gandu

Al'adar gwamnati ta shata ƙasa ta ce ta kowa ce, kada a yi noma ko farauta a ciki, daga Amurka ta bazu cikin duniya, kuma abin lura shi ne ruwan zafi yana cikin tushenta. Gandun Yellowstone, wanda aka kafa a 1872, an keɓe shi ne musamman domin maɓuɓɓugansa masu tafasa, kada 'yan kasuwa su mallake su. A Kanada, ma'aikatan hanyar jirgin ƙasa suka ci karo da ruwan zafi a Banff a 1883, gardama ta tashi a kan mai shi, gwamnati ta raba gardama ta keɓe wurin a 1885. A hamadar Texas, a bakin kogin Rio Grande da ya raba Amurka da Meziko, akwai wata maɓuɓɓuga mai zafin digiri 40. Wani mutum mai suna Langford, wanda zazzaɓin cizon sauro ya raunana, ya zauna a kanta a 1909, ya gina ɗakin wanka yana karɓar kuɗi. A 1944 wurin ya shiga gandun Big Bend. A jikin duwatsun da suke kan hanyar zuwa ruwan akwai zane-zanen 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka san shi tun kafin Bature ya zo. A dukan wuraren nan uku labarin ɗaya ne: akwai waɗanda suka riga, amma sa'ad da aka zo rubuta doka ba a tambaye su ba.

A Nijeriya, gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince da keɓe Yankari a 1956. A 1957 aka sa dajin a hannun En'e ta Bauchi. Aka buɗe shi ga baƙi ran 1 ga Disamba 1962, lokacin Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiyan Arewa, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan Bauchi, yana Firayim Minista a Ikko. Shi ne gandun namun daji na farko irinsa a ƙasar. Tun daga ranar nan ya yi ta sāke hannu. Da aka raba jihohi a 1967 ya koma ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas. A 1976 ya zama na sabuwar Jihar Bauchi. A 1991 gwamnatin soja ta Janar Babangida ta yi doka mai lamba 36, ta sa shi cikin gandayen tarayya tare da irin su Gashaka-Gumti da Tafkin Kainji. A 2006, zamanin Shugaba Obasanjo da Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, aka mayar wa Jihar Bauchi da shi bisa ga roƙonta.

Duk wanda ya karɓa yakan fara da abin da ido yake gani: ɗakunan baƙi, da fitilu, da matakalar zuwa ruwa. Abin da ido ba ya gani, wato albashin masu gadin daji, da takalmansu, da man motar sintiri, shi ne yakan makara. Amma shi ne yake riƙe da gandun.

Giwaye da maƙwabtansu

Da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, tafkuna sukan ƙafe, namun daji duka su gangaro kwarin Gaji, wanda Wikki da 'yan'uwanta suke ciyarwa. A nan ake ganin giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, da dorina da kada a cikin ruwa. Gwaggon biri da mugun dawa kuwa har cikin masauki suke yawo, baƙon da ya bar taga a buɗe ya yi sallama da guzurinsa. Ba don ruwan da yake fitowa daga dutse ba, da babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai kai damina.

Amma abin da ya tara su shi ne ya sauƙaƙa kashe su. Maharbi ya san inda za su sha. Cikin shekarun da suka bi buɗe gandun, raƙumin dawa da rabbi da kyarkeci suka ƙare ƙaf a Yankari. Zakuna suka ragu suka zama 'yan kaɗan. Giwaye, waɗanda garkensu yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, sun sha wuta saboda haurensu, ko da yake ƙasashen duniya sun hana cinikin hauren giwa tsakaninsu tun 1989. Ƙididdigar shekarun baya ta sa yawansu tsakanin 100 da 150. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, tana kuma yin shekaru kafin ta sāke haihuwa, saboda haka abin da bindiga ta ɗauke a dare ɗaya ba ya dawowa cikin shekara goma.

A 2014 gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS ta Amurka, mai aikin kare namun daji, domin ta taimaka da sintiri. Aka horar da masu gadi, aka riƙa biyansu kuɗin kwana a daji a kan kari, aka sa wa waɗansu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan adam. Bayan 2015 aka yi shekaru ba a tsinci giwar da aka harbe ba. Wannan ya nuna ba sihiri ake bukata ba, sai biyan ma'aikaci hakkinsa. Ya kamata kuma a tuna cewa akwai masu gadi da suka rasa rayukansu a wannan aiki, suka bar mata da 'ya'ya.

Sai dai labarin yana da wani gefe. Yankari ba ta da shinge. Giwa ɗaya tana cin ganye fiye da kilo 100 a rana, ba ta kuwa san iyakar da aka zana a takarda ba. Idan garke ya shiga gonar masara ko dawa da dare, kafin gari ya waye abincin shekara na gida guda ya tafi. Manomin Duguri ko Pali ko Gwana, wanda mai yiwuwa kakanninsa ne suka haƙa rijiyoyin can, in ya shiga neman itace ko ciyawar jinka ya zama mai laifi. In giwa ta fito ta cinye gonarsa, da wuya ya ga diyya. Makiyayi kuma yana tsaye da shanunsa cikin bazara yana hangen ɗanyar ciyawa da ruwa a ƙetaren iyaka. Ba a iya tsare murabba'in kilomita 2,244 da bindiga kaɗai idan ƙauyukan da suke kewaye suna ganin gandun abokin gāba ne. Shi ya sa aka fara ɗaukar mutanen ƙauyukan su zama masu lura da giwaye, su ba da labari da wuri, su taimaka a kore su kafin su yi ɓarna. Mataki ne mai kyau, amma bashin da ake bin gandun ya fi haka yawa.

Wani sabon abu kuma ya shigo. A Nuwamba 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar man fetur a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, wani sashensa cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Ruwan Wikki daga ƙarƙashin ƙasa yake zuwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ba ya tsayawa a ƙofar Mainamaji. Duk aikin da zai huda ƙasa ko ya share daji a yankin, ya wajaba a yi shi da ido biyu.

Abin da ya shafe mu

Akwai wata hanyar riƙon ruwa wadda ta girmi dokar gwamnati. A ƙasar Azbin ta Nijar, arewa da Agadas, cikin duwatsu da hamada, akwai ruwan zafi na Tafadek. Buzaye da Hausawa sun daɗe suna zuwa can da masu ciwon gaɓoɓi da na fata, su kwana kwanaki suna wanka, kowa yana bin ƙa'idar wurin. Nan kusa da mu, kilomita 30 daga Kumasi, Asantawa sun riƙe tafkin Bosomtwi da al'ada: masunta ba sa shiga da kwalekwale, sai su hau guntun gungume suna tuƙi da hannu. Ko mutum bai yarda da dalilin da aka bayar ba, zai ga amfanin da ya fito, wato kifi bai ƙare ba har tsawon zamanai. Inda jama'a suke ganin ruwa nasu ne, su ne masu gadinsa, ba a kuwa biyansu.

Mu dubi namu. Tsofaffin Kumasi suna tuna lokacin da ake wanki da kamun kifi a rafin Subin da na Aboabo. Yau leda da ƙazanta ne suke gudu a cikinsu, da damina kuma su cika su shiga ɗakunan mutane. Kogin Ofin, wanda madatsar Barekese take tare wa birnin nan ruwan sha daga gare shi, da Pra, da Oda, masu haƙar zinariya ta galamse sun mai da sassansu kamar kunun kanwa. Dajin Owabi da aka keɓe domin kare ɗaya madatsar, gidaje suna matsa shi ta kowane gefe. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan gemunmu ne ya fi kamawa. Ruwan Wikki yana nan garau domin shekara kusan 70 ke nan ba a sare dajin da yake shan ruwan sama a kansa ba, wannan kuwa alheri ne da ya kamata a yaba wa waɗanda suka keɓe shi da waɗanda suka tsare shi. Kuɗin alherin nan kuma, talakawan gefen daji ne suka fi kowa biya.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, idan hanya ta kai ka Bauchi, ka je da rani, ka tambayi halin hanya kafin ka tashi, ka shiga ruwan da sassafe ka ji ɗuminsa. Kada ka kai sabulu ko leda bakinsa. In ka fito, ka roƙi ɗan jagora ya kai ka rijiyoyin Dukkey da kogwannin dutse da wurin murahun tama, ka tambaye shi daga wane ƙauye yake, da abin da tsofaffinsu suke faɗa a kan wurin. A hanyar komawa ka tsaya a Mainamaji ka sayi abin da suke sayarwa. In ka dawo Zongo, ka gaya wa yara cewa mutane ne suka zauna a can, suka yi aiki da hannunsu, tsoro ya tashe su, jikokinsu kuma suna nan a bakin iyaka.